Lantana Da Masaga: Asalin Duwatsun Da Muke Gani A Talabijin

Duk mai kallon finafinan Kudu ya san jajayen duwatsun nan da sarakunansu ke jibgawa a wuya da hannu. Da yawanmu mun ɗauka kayan Yarabawa ne da mutanen Binin kurum, mu babu ruwanmu. To, ba haka zancen yake ba. Ni shirya duwatsun ado a wurin kakata na koya, kuma sau da yawa in ina kallo sai in ga jerin da hannuna ya sani: dogo ɗaya, ƙanana biyu, dogo ɗaya, kamar yadda tsofaffinmu ke jera tsakiya. Abin da ya sa na bi sawun maganar ke nan.

Jajayen nan iri biyu ne. Akwai murjani, wanda ake cirowa daga Bahar Rum; Turawan Fotugal sun riƙa kai shi Binin bayan sun isa can wajen 1485. Akwai kuma na dutse, wato lantana. E, sunan nan dai da muke kiran mata da shi. Fataken Hausawa ne ke sayo ɗanyen dutsen daga yankin da a yau yake cikin Jamhuriyar Nijar, su biyo Kogin Kwara da shi zuwa ƙasar Yarabawa. Da Tsohuwar Oyo ta watse wajen 1835, sai Ilorin ta zama cibiyar aikin. Kuma aiki ne na mai haƙuri: a fasa dutsen, a huda shi da ɗan tsinken ƙarfe ana ƙwanƙwasawa a hankali don kada ya tsage, sannan a yi ta gurza shi a kan dutse har ya yi sheƙi. Daga nan ya gangara Kudu, ya hau wuyan sarakuna. Tun kafin tsakiyar ƙarni na 20 sana'ar ta durƙushe, don duwatsun gilashi na Turai sun fi araha.

Inda nake so mai karatu ya tsaya ni da shi kuwa, Bida ce. A can akwai unguwar Masaga, Nufawan da suka gaji narka gilashi, waɗanda a bakinsu suke cewa kakanninsu daga Masar suka taso. Ba sayen gilashi suke yi ba a da, haɗa abinsu suke yi: yashi da kanwa, a gasa a rami na tsawon kwanaki, ya fito baƙi wuluk, suna kiransa bikini. Da kwalabe suka yawaita a zamanin Turawa, sai suka koma narka su, kore da shuɗi da ruwan ƙasa. Mutum zai zauna gaban murhun yumɓu, wani na zuga masa wuta, ya ɗebo narkakken gilashi ya naɗa a sandar ƙarfe, ya murza, ya ɗiga masa zanen wani launi. Haka ake yin dutsen wuya, haka ake yin warwaro. Baturen nan Nadel, da ya zauna cikin Nufawa, ya bayyana aikin a littafinsa na 1942, kuma a 2021 hukumar UNESCO ta sa Bida cikin jerin biranen sana'ar hannu na duniya.

Kada ma a ce Bida ce farau. A Ile-Ife masu binciken ƙasa sun gano wurin da ake haɗa gilashi tsakanin ƙarni na 11 da na 15, tun kafin jirgin Bature ya taɓa gaɓarmu.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne, yawancin abin da masu shirya fim ke sa wa sarkinsu, da wanda ’yan koli ke miƙo mana in mun je haɗa lefe, roba ce ’yar China da aka kwaikwayi fasalin waɗancan. A allon talabijin da wuya ka bambance. A hannu kuwa ba sai an faɗa maka ba. Na Bida yana da nauyi, yana da sanyi in ya taɓa fata, in biyu suka haɗu ka ji ƙara, kuma in ka zube zare guda a faifai, da ƙyar ka sami guda biyu da girmansu ya zo ɗaya.