Shuni, Zare da 'Yan Amshi a Ƙasar Ƙaraye

Idan baƙo ya sauka Kano ranar Asabar ya ce a nuna masa sana'ar gargajiya, hanyar ɗaya ce, kowa ya san ta. A kai shi marinar Ƙofar Mata, a gaya masa tun 1498 take nan, a zarce da shi kasuwar Kurmi ya taya jakar fata, in da sauran rana a leƙa Gidan Makama. Ba na ƙin wannan zagaye, ni ma na yi wa abokan aiki shi lokacin ina koyarwa. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne baƙon kan koma gida yana zaton a cikin ganuwa aka yi tufar da ta fitar da sunan Kano. Ni mutumin Tudun Kaya ne a ƙasar Ƙaraye, kuma ina da ja a kan wannan.

A watan Fabrairun 1851 Heinrich Barth, Bajamushen nan da ya yi yawo da sunan Abdulkarim, ya shigo Kano. Ya ƙiyasta cewa tufar da ƙasar ke fitarwa a shekara ta kai ta wuri miliyan 300, ana kai ta Tambutu ta yamma, ta arewa kuma har Murzuk da Tarabulus. Abin da ya fi burge shi, ba a manyan masana'antu irin na Turai ake aikin ba, kowa a gidansa yake yi, cikin iyalinsa. To gidajen nan suna ina? Philip Shea, wanda ya daɗe yana koyar da tarihi a Jami'ar Bayero, ya bi sawun wannan tambaya a binciken digirinsa na 1975, kuma sawun ya fitar da shi daga birni. Ƙiyasin da masana ke kawowa shi ne, a ƙarshen ƙarni na 19 masu rini a masarautar Kano sun kai 50,000, rijiyoyin rini kuma tsakanin 15,000 da 20,000. Birni ba zai ɗauki wannan ba ko da an rushe gidaje. Yawancinsu suna kudu da kudu maso yamma: Kura, Bunkure, Dal, sai nan ƙofar gidanmu, Zarewa da Beli da Fulatan da Rogo, har a tsallaka iyakar Zazzau a tarar da Kudan da Hunkuyi da Maƙarfi. Birni ke ba da waƙa, sunansa ake ji, mu ne 'yan amshi.

Dalilin bai da wuyar ganewa ga wanda ya taɓa riƙe fartanya a nan. Ruwan sama ya fi na arewacin Kano, ƙasar tana karɓar auduga, tana karɓar baba, ga itace, ga ruwa kusa. Mai rini ya fi son ya zauna inda kayan aikinsa ke tsirowa. Dole kuma a faɗi wani abu da ba a cika son faɗa ba: wani kaso na audugar nan da baban nan bayi ne suka noma su a rinji.

Rijiyar rini ba rami ba ce kawai. Zurfinta kan fi tsayin mutum, kuma ana shafe cikinta da laso, wanda ake haɗawa da ƙonannen katsi, wato laka mai shuni da ke kwantawa a ƙasan tsohuwar rijiya, da gashin dabba. Shea ya nuna cewa wannan dabara ce ta ba Kanawa galaba, don kafin ta da manyan tukwane ake rini, su kuwa ba su da ciki, ga saurin fashewa. Sai a zuba ruwa da busasshen baba da toka, a bar shi ya yi kwanaki yana ruɓa, ana motsawa da muciya har kumfa ta taso. Tufar da aka tsoma takan fito kore-kore, sai ta sha iska take komawa shuɗiya a kan idonka. A tsoma, a shanya, a sake tsomawa, har ta yi baƙi. Daga nan sai mabuga, inda ake shimfiɗa ta kan gungume, a barbaɗa shuni, a yi ta bugu har ta ɗauki ƙyalli. Wannan shi ne ɗan Kura da turkuɗin da Abzinawa ke sauke gishirin Bilma su ɗauka, wanda shuninsa ke zuba a fatarsu har Turawa suka riƙa kiransu shuɗɗan mutane. Sarauta ma ta san darajar abin, shi ya sa aka sa kuɗin karofi a kan kowace rijiya.

Amma kafin marini akwai masaƙi, kafin masaƙi akwai mace. Masaƙi ɗaya, da ƙoshiyarsa da kunkurunsa da ke jan zare a gabansa, yana cinye kaɗin mata da yawa. Kakata ta wajen uba ba ta zama hannu sake. Ta gurje auduga, ta shiɓe ta, ta ɗauki mazari, ga alli a gefe tana dangwala. Zaren arha da abawa daban, na kirki daban, kuma kuɗin nata ne, mijinta ba ya tambaya. Da shi ta yi wa 'ya'yanta mata kayan ɗaki. A lokacin da na san ta kasuwar zare ta riga ta mutu murus, amma hannun bai daina ba, kuma bakin ma bai daina ba, don ba ta kaɗi shiru.

A wancan zamani aiki da waƙa tare suke tafiya, kuma masu waƙar ba makaɗan sana'a ba ne. Mamman Shata da Ɗanƙwairo sana'arsu ce, ana biyansu. Ina maganar matan da za a gayyato daɓen ɗakin amarya, kowace da madaɓinta, ana yayyafa ruwan makuba, ɗaya na bayarwa sauran na amsawa, bugun na tafiya daidai da amshin. Ina maganar lugude a bakin turmi, da waƙar niƙa da asuba, da gaɗar 'yan mata a dandali in farin wata ya fito, da gangar noma ranar gayya. Babu wanda ya koya wa wani a aji. Yarinya takan tsaya a bayan yayyenta tana tafi har ranar da muryarta za ta shiga.

Shaida mafi kyau da muke da ita a rubuce ta fito ne daga wannan yanki namu. Baba, wadda aka haifa wajen 1877 ta rasu a 1951, ta tashi ne a Karo, kusa da Zarewa. Tsakanin 1949 da 1950 ta zauna da Mary Smith a Giwa ta ba ta labarin rayuwarta, aka buga shi a 1954 da sunan Baba of Karo. A ciki akwai rinjin gidansu, da harin masu kama bayi, da aure da suna da ƙawance, kuma da ƙyar take wuce wani sha'ani ba ta kawo waƙarsa ba. Ɗalibai a Ingila da Amurka sun karanta ta. Ni sai da na girma na ji labarin littafin, alhali tafiyar da ke tsakanin garinmu da nata ba ta kai a yi guzuri ba.

Mutuwar sana'ar ba rana ɗaya ta zo ba. A 1897 kamfanin BASF na Jamus ya fara sayar da shunin da aka haɗa a masana'anta. A 1902 masu masaƙun Ingila suka kafa ƙungiyar noman auduga, suna sa ran audugar Kano za ta cika musu jirage. Dogo ya iso Kano a 1911, sai ga shi masaƙan gida sun fi Bature sayen auduga da tsada, manoma kuma suka rungumi gyaɗa. Wato masaƙanmu sun yi ta kai ruwa rana shekaru masu yawa bayan zuwan Turawa. Abin da ya kayar da su arha ce: akoko da atamfa, sannan masaƙar Kaduna da aka buɗe a 1957 da ire-irenta a Kano, waɗanda su ma daga baya kayan Sin da suka cika Kantin Kwari suka durƙusar da su. Ranin da ake saƙa a cikinsa ya koma na cin rani, bayan an gama madatsar ruwan Challawa a 1992 kuma ya koma na tumatir da albasa ga wanda ke kusa da ruwa. Ba na ganin laifin kowa, tumatir ya fi sawaye kawo kuɗi.

Waƙoƙin kuwa siminti ya kashe daɓe, injin ya kashe niƙa, dandali ya watse tsakanin makarantar dare da fim da waya. Barmani Choge ta Funtuwa, wadda ta rasu a 2013, ta ɗauko amadar cikin gida da ƙwaryarta ta kai ta rediyo da filin biki, amma a hannunta abin ya zama sana'a.

Amshin dai bai ɓace ba, wuri ya sauya. Ranar saukar karatu a Islamiyya za ka ji 'yan mata sahu-sahu, ɗaya na ja sauran na karɓa, da irin tsarin da iyayensu suka yi gaɗa da shi. A watan Maulidi ana raba dare ana Ishiriniyar Alfazazi. Ran Lahadi da safe, a ƙauyukan Hausawa Kiristoci na Rogo da Ƙaraye, matan zumunta na rerawa da Hausa, da tulu da caki, bayan sun yi bita a tsakiyar mako.

Duk waɗannan yabo ne da addu'a. Waƙar daɓe ba yabo ba ce. A cikinta mace ke yi wa kishiya habaici, ta taɓa miji marowaci, ta taɓa uwar miji, ta faɗi maganar da ba ta faɗuwa da rana tsaka, mata ashirin su amsa mata, kuma ba mai ɗaukar ƙara don waƙa ce. Maza kan bar gidan tun kafin a fara. Kakana, in ji 'yan gidanmu, da ya ga an fito da madaɓai sai ya saɓi buzunsa ya ce zai je gaida marar lafiya a Ƙaraye.