Tarihin kalmomin da ake siffanta mai ɗaure fuska da su a arewacin Zamfara

A Ƙauran Namoda da Shinkafi da Zurmi, mutumin da ba ya sakin jiki da jama'a ba suna ɗaya gare shi ba. Wani a ce da shi miskili, wani mai girman kai, wani kuwa a yabe shi da kawaici. Waɗannan kalmomi ba rana ɗaya suka taru ba, kowace da zamanin da ya kawo ta.

Mafi daɗewa su ne waɗanda aka ɗauko daga fuska: ɗaure fuska, murtukewa, haɗe rai, shan kunu. Duk suna faɗin abin da ido ya gani ne, ba su yanke wa zuciya hukunci ba, domin mai shan kunu yau yana iya washe baki gobe.

Musulunci ne ya kai maganar ga zuciya. Miskili daga Larabci ta samo asali, daga kalmar da ke nufin abu mai wuyar warwarewa. Haka ma kishiyarta, fara'a, wadda bakin Zamfarawa ke furtawa hwara'a. Malaman jihadin da Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya fara a 1804 sun yawaita wa'azi a kan girman kai da jiji da kai da hassada, suna lissafa su cikin cututtukan zuciya. An san hadisin da ya hana gaba fiye da kwana uku, da wanda ya mai da murmushi sadaka. Saboda haka ƙin amsa sallama ya zama laifin da ake jin tsoronsa har lahira.

Amma jihadin nan shi ne kuma ya ɗora Fulanin Alibawa a kan sarautar Zurmi da ta Ƙaura, garin da ya ɗauki sunan jarumi Namoda. Su kuwa Fulani suna da fulako, wato kame kai da ɓoye abin da ke rai. Uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, ko an ce ya faɗi ya ji ciwo sai ta kau da kai, wata ta ɗauke shi. Baƙo zai ɗauka rashin ƙauna ne, alhali a wurinsu kunya ce, da ita ake auna tarbiyyarta. Fada ma ta ƙara nata. Sarki yakan rufe baki da amawali, talaka ya faɗi gaisuwa, fadawa su amsa a madadinsa da ƙarfi, shi ko bai motsa ba. Ba a ce masa miskili, kwarjini ake cewa. Daga nan ake gane cewa ba shirun ake tuhuma ba, abin dubawa shi ne wane ne ya yi shi, kuma ga wa.

Kasuwa ba ta da wannan uzuri. A kasuwar Shinkafi ta ranar Alhamis, dillalin da bai iya tarbar baƙo ba sai ya wuni babu la'ada. Da jirgin ƙasa ya iso Ƙaura a 1929, fataken gyaɗa da auduga da ma'aikatan reluwe daga kudu suka cika gari, mai kanti ya koyi cewa shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma.

Turawa sun yi ƙoƙarin tattara irin waɗannan kalmomi. Ƙamus ɗin Bargery ya fito a 1934, sannan a 1974 aka buga laccar Kirk-Greene a kan mutumin kirki, inda ya sa kunya da karamci duka cikin halayensa, ko da yake ɗaya na jan mutum baya, ɗaya na tura shi gaba.

Na baya-bayan nan daga bakin matasa suka yaɗu: jan aji da shariya. Ɗaliban kwalejin kimiyya da fasaha ta tarayya da aka kafa a Ƙaura a 1983 sun san su sarai, galibi a sha'anin neman aure. Littattafan soyayya da suka bunƙasa a Kano tun shekarun 1980, da finafinan da suka biyo baya, sun juya wa miskili riga. Ya zama saurayi mai kuɗi, mara yawan magana, wanda 'yan mata ke rububi, har budurwa kan ce saurayinta miskili ne tana alfahari.