Tarihin Isa Ƙuryar Kudu ta Duniya

Ƙuryar Kudu, wato wurin da duniya ta ƙare ta ɓangaren kudu, tana cikin nahiyar Antaktika, a kan tudun ƙanƙara mai tsayin kusan mita 2,800, inda rana take fitowa sau ɗaya ta faɗi sau ɗaya a shekara. Ba a hangi nahiyar ba sai a 1820, kuma sai a 1899 aka sami ayarin da ya yi hunturu a kanta. A watan Janairun 1909 Ernest Shackleton ya matso Ƙuryar Kudu har saura kimanin kilomita 180, amma ƙarewar guzuri ta tilasta masa juyawa domin ya tsira da rayukan mutanensa.

A 1910 ayari biyu suka nufi kudu, ɗaya ƙarƙashin Kyaftin Robert Scott na Birtaniya, ɗayan kuma ƙarƙashin Roald Amundsen na ƙasar Norwe, wanda da farko Ƙuryar Arewa ya nufa, sai labarin cewa Amurkawa sun riga shi ya sa ya sauya akala a asirce. Amundsen ya taɓa zama da Inuwit, 'yan asalin arewacin Kanada, a tafiyarsa ta 1903 zuwa 1906, kuma a wurinsu ya koyi sarrafa karnukan ja da sanya sakakkun tufafin fata masu gashi, waɗanda ba sa barin gumi ya daskare a jikin mutum. Ya tashi a watan Oktoban 1911 da mutum huɗu da karnuka 52 masu jan amalanke maras taya da ke sulɓi a kan ƙanƙara, bayan ya jibge guzuri a zango-zango, ya kafa tutoci a jere dama da hagun kowane zango don kada a wuce shi cikin hazo. Tun daga gida ya ƙudurta yanka wasu karnukan a hanya domin ciyar da sauran da mutanen, abin da ya jawo masa suka daga baya. Ya isa Ƙuryar Kudu ranar 14 ga Disamba, 1911, ya komo da mutanensa duka lafiya.

Scott kuwa ya raba dogaronsa tsakanin injuna da gajerun dawaki da karnuka. Injunan suka lalace, dawakin suka gaza aka harbe su, aka mayar da karnukan, har ya zama mutane ne suke jan kayansu da ƙarfin ƙirji. Su biyar suka isa ranar 17 ga Janairu, 1912, suka tarar da tantin Amundsen da tutar Norwe. A hanyar komowa yunwa da matsanancin sanyi suka taru musu, ga kananzir ɗin da suka ajiye ya tsiyaye daga gwangwanaye. Edgar Evans ya fara rasuwa, sai Lawrence Oates, sannan sauran ukun, wato Scott da Wilson da Bowers, suka cika a tanti a ƙarshen Maris, saura kilomita 18 kacal su kai babban rumbun guzurinsu. Jarumtakarsu ba abar musu ba ce, domin har da duwatsun bincike masu nauyin kilo 16 aka tarar tare da gawawwakinsu, sai dai ilimin da Amundsen ya ƙasƙantar da kai ya ɗauka daga Inuwit shi ne babban abin da ya raba makomar ayarin biyu.

Babu wanda ya sake taka wurin sai a 1956, lokacin da jirgin saman Amurka ya sauka, aka kuma gina tashar bincike mai ɗauke da sunayen Amundsen da Scott. A 1959 ƙasashe 12 suka sanya hannu a kan yarjejeniyar da ta keɓe Antaktika ga zaman lafiya da binciken kimiyya.