A Ɓoye Shi ko a Tona Shi? Tarihin Mai Ɗauke da Tuta a Wasannin Harbi

A shekarar 1996, David Kirsch ya ƙirƙiro wa wasan kwamfuta na Quake wani salo mai suna Threewave, inda ƙungiyoyi biyu ke fafutukar sace tutar juna. Ƙa'ida ɗaya a cikinsa ta haifar da matsalar da masu tsara wasanni ke fama da ita har yau: ƙungiya ba ta cin maki sai tata tutar tana gida. Idan kowane ɓangare ya sace ta abokin karawarsa, masu ɗauke da tutocin sai su laɓe a lungu, wasa ya tsaya cak. Idan kuma aka nuna wa kowa inda suke, dabara ta mutu, nasara ta koma hannun wanda ya fi saurin harbi.

Da farko an fi karkata ga ɗaure wa mai tuta hannu. A Unreal Tournament na 1999, duk wanda ya yi amfani da na'urar da ke cilla ɗan wasa zuwa wani wuri nan take, tutar za ta faɗi daga hannunsa. A Halo na 2001, kamfanin Bungie ya hana shi harbi, sai dai duka da sandar tuta, don haka dole abokansa su yi masa rakiya.

Kamfanin Valve ya bi tsaka-tsaki a Team Fortress 2 na 2007. Jakar takardun sirri ce ta maye gurbin tuta, takardu na zubowa a bayan wanda ya ɗauke ta, wata kibiya kuma a ƙasan allo tana nuna alƙiblarsa. Masu bin sawu sun san ta ina za su nufa, amma sai sun yi farautar da kansu.

Halo 4 na 2012 ya je ƙarshen wancan ɓangaren. An ɗora wa mai tuta alamar da kowa ke gani, an hana shi ajiye ta, aka ba shi ƙaramar bindiga ya kare kansa. Laɓewa ta ƙare, amma tsofaffin 'yan wasa da dama sun koka cewa an raba su da dabarun da suka ƙware a kai.

Halo Infinite na 2021 ya mayar da zaɓi hannun ɗan wasa. Idan ya yi tafiya, abokan gaba ba su samun alamarsa. Da zarar ya sheƙa da gudu, asirinsa ya tonu. Taura biyu ba ta taunuwa: wanda ke son sauri zai biya da sirrinsa, kuma shi ne zai auna, a cikin daƙiƙa guda, ko nisan da ya rage zuwa gida ya cancanci wannan farashi.