Hatsarin wurin aiki a Burkina Faso: haƙƙin ma'aikaci da yadda ake neman sa

Da yawa daga mutanenmu na Tanghin da kewaye suna cin abinci ne a masana'antun Kossodo, ko wurin gini, ko gareji, ko tuƙin manyan motoci. Idan inji ya cinye wa mutum yatsu, ko ya faɗo daga bene, abin da aka saba gani shi ne uban gida ya biya kuɗin asibiti na 'yan kwanaki, a ce ƙaddara ce, a rufe magana. Ƙaddara gaskiya ce, amma ba ta hana mutum karɓar abin da doka ta ba shi. Kuɗin ba sadaka ba ne. An riga an tara shi domin irin wannan rana.

Hukumar da ke riƙe da wannan al'amari ita ce asusun kula da ma'aikata na ƙasa, wato CNSS, kuma dokar da ake aiki da ita yanzu ita ce mai lamba 004-2021 ta watan Afrilu 2021, wadda ta maye gurbin ta 2006. Ma'aikatan gwamnati nasu asusun daban ne, CARFO. Kuɗin da ake zubawa domin hatsarin aiki uban gida ne kaɗai ke biyan sa, ba a cire shi daga albashi. Kuma babu sharaɗin daɗewa: ko jiya ka fara aiki, yau ka ji rauni, kana da haƙƙi. Masu koyon sana'a ma doka ta sa su ciki.

Hatsarin aiki bai tsaya ga cikin masana'anta ba. Wanda babur ya kaɗe a kan hanyarsa ta zuwa aiki ko ta komawa gida yana ciki, muddin bai karkata hanya don wata buƙatar kansa ba. Haka wanda aka aika wani gari da aiki. Akwai kuma cututtukan da sana'a ke jawowa, waɗanda doka ta jera sunayensu.

Matakin farko shi ne sanarwa, kuma nan ne yawancin haƙƙoƙi ke salwanta. Wajibi ne uban gida ya sanar da CNSS da ofishin sufeton aiki cikin awa 48. In ya ƙi, ko ya yi ta cewa gobe, wanda ya ji raunin ko iyalinsa suna iya kai sanarwar da kansu har tsawon shekara 2. Kada dai a jira shekara biyun. Shaidu suna canza wurin aiki, wasu kuma tsoron kora yana rufe musu baki. Tun ranar farko a karɓi takardar likita mai bayyana raunin, a riƙe sunayen waɗanda suka gani, a adana rasit na magani da takardun albashi. In a kan titi abin ya faru, rahoton 'yan sanda yana da nauyi ƙwarai.

Idan an amince hatsarin aiki ne, asusun ke ɗaukar jinya: magani, tiyata, kwanciya asibiti, har ƙafar roba in ta kama. Albashin ranar hatsarin yana kan uban gida. Daga washegari CNSS ke biyan kashi biyu bisa uku na matsakaicin abin da mutum ke samu a yini. Mai albashin sefa 90,000 a wata, yininsa 3,000 ne, zai riƙa karɓar 2,000 har ya warke ko raunin ya tsaya a matsayinsa.

In rauni ya bar naƙasa, likita ne ke auna ta da kashi cikin ɗari, kuma wannan adadi shi ke yanke komai. Naƙasa cikakkiya tana ba da kashi 85 na albashi. Mai kashi 20, a albashin da muka ambata, zai samu kashi 20 na 76,500, wato 15,300 a kowane wata. Amma in naƙasar ba ta kai kashi 15 ba, sau ɗaya ake biya, kuɗin shekara uku a dunƙule: mai kashi 10 zai karɓi 275,400, shi ke nan. Ka ga ashe tsakanin 14 da 15 akwai tazara mai girma. Don haka wanda bai gamsu da awon ba kada ya ji nauyin neman a sake duba shi, haka ma in raunin ya tsananta daga baya.

Naƙasar da ba aiki ya jawo ta ba, kamar shanyewar ɓarin jiki, hanyarta daban ce. Fanshon naƙasa ake nema, kuma ana duba cewa mutum ya rasa kashi biyu bisa uku na ƙarfin neman abincinsa, da shekarun da ya yi da rajista a asusun.

Idan hatsari ya zo da ajali, mata da 'ya'ya da iyayen da mamacin ke ciyarwa suna da rabo, ana kuma taimakawa da kuɗin jana'iza. A nan akwai abin da ya shafe mu kai tsaye. Asusun da takarda yake aiki. Auren da aka ɗaura a masallaci, ba a kai shi ofishin magajin gari an rubuta ba, yana iya barin mace hannu wofi, ko da unguwa duka ta shaida ɗaurin auren. Haka yaron da ba shi da takardar haihuwa. Magidanci ya gyara wannan tun yana da lafiya.

Saura babbar matsala: uban gidan da bai yi wa ma'aikatansa rajista ba. Laifin nasa ne a gaban doka, ba na ma'aikaci ba. Sai a kai ƙara ofishin sufeton aiki, inda ake fara neman sulhu, in bai yiwu ba a wuce kotun ma'aikata ta Wagadugu, wadda ba a biyan kuɗin shigar da ƙara a cikinta. In kuwa CNSS ce ta ƙi biya, ana fara rubuta koke ga kwamitinta na sauraron ƙorafi kafin a je kotu. Duk takardar da aka miƙo maka da Faransanci, musamman wadda ke cewa an biya ka komai, kada ka sa hannu ko ka dangwala yatsa sai wani amintacce ya karanta maka ita, ka kuma riƙe kwafinka.