Tarihin Barasar Wuski da Yaudarar Abin Sha Mai Taushi

Masu tallar barasa a ƙasashen Turai suna da wani kirari da suke yi wa hajarsu, wai wuski ta ƙwarai ita ce mai taushi, wadda take wucewa ta maƙogwaro ba ƙuna ba tari. Har shawara suke ba sabon shiga kan wadda zai fara da ita don kada ɗaci ya kore shi. Kai da kake zaune a Gwiwa ko Roni ko Kazaure ko Ɓaɓura, inda addini da doka suka haramta giya, kana iya cewa wannan zance bai shafe ka ba. To, ya shafe ka, domin dabarar da aka bi aka tausasa wuski ita ce aka bi aka shigo da kayan maye gidajenmu cikin kwalbar magani. Shi ya sa ya dace ka san tarihinta.

Sunan da Turawa suke kiran sinadarin maye da shi ya samo asali daga kalmar Larabci al-kuhl, wato kwallin nan da ake sa wa ido. Masana na ƙasashen Musulmi, irin su Al-Kindi na Bagadaza a ƙarni na 9, sun inganta tukunyar da ake dafa ruwa a kama tiririnsa, suna haɗa turare da ruwan wardi da ita. Da wannan ilimi ya ƙetara Turai sai aka ɗora giyar inabi da ta hatsi a kan tukunyar, aka sami ruwa mai ƙarfin gaske, likitocin zamanin suka sa masa suna "ruwan rayuwa". Kalmar wuski kanta ma'anarta ke nan a tsohon harshen mutanen Sikotilan da Ayalan. Rubutu mafi daɗewa da ya ambace ta a Sikotilan na shekarar 1494 ne, inda aka rubuta cewa an ba wani malamin coci mai suna John Cor sha'ir don ya haɗa wannan ruwa. Ka ga tun farko da rigar magani ta shigo.

Sai dai barasar wancan zamani tana da kaifi da wari, ba kowa ne yake iya haɗiye ta ba, kuma wannan kaifi ya tsare mutane da yawa daga gare ta. Masu sana'ar suka daɗe suna neman hanyar kawar da shi. Suka lura cewa idan ta shekara da shekaru a gangar katako kaifin yana raguwa, ta ɗauki launi da ƙamshin itacen. A 1830 wani mutumin Ayalan, Aeneas Coffey, ya yi rajistar wata na'ura mai tatsar barasa ba tsayawa, wadda take fitar da ita da yawa, da arha, ba wari sosai. A 1860 dokar Birtaniya ta ba da damar gauraya mai kaifi da marar kaifi, 'yan kasuwa irin su Andrew Usher na Edinbara suka yi arziki da wannan gauraye, daga nan wuski ta bazu duniya. Har yau dokar Sikotilan tana cewa sai ta yi aƙalla shekara 3 a ganga, kuma sinadarin maye a cikinta kada ya gaza kashi 40 cikin 100. Giyar kwalba ta yau da kullum kuwa kusan kashi 5 take ɗauke da shi.

A nan nake so ka tsaya ka lura. Duk wannan aiki na shekaru ɗaruruwa ɗanɗano kawai ya gyara. Sinadarin da yake illa ga hanta da ƙwaƙwalwa yana nan yadda yake, ko a mai tsada ko a mai arha. Ƙunar da mutum yake ji a maƙogwaro gargaɗi ne daga jikinsa. Idan aka rufe bakin mai gargaɗin da sukari ko ƙanƙara ko lemon kwalba, sai a sha da yawa cikin ɗan lokaci, alhali hanta ba ta iya sarrafa fiye da kimanin giram 10 a awa guda. Sauran yana ta yawo a jini.

Rigar magani ma ba ta bar ta ba. Lokacin da Amurka ta haramta barasa daga 1920 zuwa 1933, an bar wa likitoci damar rubuta wa majiyyaci wuski, kusan rabin lita duk kwana 10, a je kantin magani a karɓa. Masu lafiya lau suka riƙa layi a gaban likita. Wannan ya nuna cewa idan aka rufe ƙofar mashaya, ta kantin magani ake fara ƙwanƙwasawa.

Yanzu mu dawo gida. Tun kafin zuwan Turawa, Maguzawa suna dafa burkutu da dawa, abin sha mai kauri da tsami wanda ƙarfinsa bai kai na barasar tatsa ba, kuma bayan jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo na 1804 masarautun Musulunci, har da Kazaure wadda Ɗan Tunku ya kafa, sun tsaya kan haramcin giya. A ƙarni na 19 jiragen ruwa daga Holan da Jamus suna sauke barasa mai arha a gaɓar tekun kudu. Yarjejeniyar Birasels ta 1890 ta hana shigar da ita yankunan Afirka da ba su saba da ita ba saboda addini ko wani dalili, don haka da Lugga ya kafa mulkin Turawa a Arewa a 1900 sai ya hana sayar wa 'yan ƙasa barasar ƙetare. Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, baƙi suka yawaita, unguwar Sabon Gari ta zama wurin da ake samun ta. A kudu kuwa, da haraji ya sa ta ƙetare ta yi tsada a wajajen 1930, sai tatsar ogogoro a ɓoye ta yaɗu. Ita wannan wani lokaci tana zuwa da gubar metanol mai makantarwa, kamar yadda ta kashe mutane a Ode-Irele ta jihar Ondo da kuma jihar Ribas a 2015.

A shekarar 2000 Jigawa, wadda aka cire daga Kano a 1991, ta bi sahun jihohin da suka ƙaddamar da Shari'a. Aka rufe mashayu, Hisba ta riƙa kama kwalabe tana farfasawa. Amma masu neman riba da maye ba su kwanta ba. Suka koma ga abin da ba ya wari, ba ya ɗaci, ba a jin kunyar riƙe shi: maganin tari mai kodin. Shi kodin ɗan'uwan mofin ne, wani mai harhaɗa magunguna na Faransa, Pierre Robiquet, ya fara ware shi a 1832. An zuba masa zaƙi ne don majiyyaci ya iya sha, sai zaƙin ya zama tarko. Matasa da matan aure suka riƙa juye shi a lemon kwalba suna sha a gaban iyaye ba wanda ya gane. A 2017 an bayyana a Majalisar Dattawa cewa ana shan kwalba miliyan 3 kullum a Kano da Jigawa. A ƙarshen Afrilun 2018 BBC ta fitar da bincikenta kan wannan fatauci, ranar 1 ga Mayu gwamnatin tarayya ta hana haɗa shi da shigo da shi. Binciken ƙasa na 2018 ya ƙiyasta cewa mutum miliyan 2.4 suna shan maganin tari don maye.

Barasa ita ma ta sauya kaya. Ta shigo cikin 'yar leda da ƙaramar roba mai shiga aljihu, har hukumar NAFDAC ta sanar da hana waɗannan a farkon 2024, duk da an yi ta ja-in-ja kan aiwatarwa. Ta kuma ɓuya cikin wasu kwalaben da ake tallarsu a tasha da kasuwar mako da sunan maganin basir ko sanyi ko ƙarfin maza. Dattijon da bai taɓa kusantar giya ba yana iya shan irin wannan kullum, yana cewa yana jin daɗin jikinsa, bai san abin da yake ɗirka ba.

To, me za ka ɗauka daga wannan tarihi? Da farko, duk kwalbar da za ka saya ka duba jikinta, ko ka ba wanda ya iya karatu ya duba maka lambar NAFDAC da jerin abin da ke ciki. Wadda ba ta da rubutu ka bar ta. Na biyu, idan likita ko mai ba da magani ya tambaye ka abin da kake sha, ka faɗi gaskiya, ba don ya kunyata ka yake tambaya ba. Barasa tare da metronidazol tana jawo amai da bugun zuciya. Tare da farasitamol ko magungunan tarin fuka tana ƙara wa hanta rauni, balle ga mai ciwon hanta nau'in B. Ga mai ciwon sukari da yake kan insulin tana iya faɗar da sukarin jini har ya suma. Idan ta haɗu da kodin ko tiramadol ko diyazefam kuwa, numfashi yana iya tsayawa cikin barci. Tun 1988 hukumar binciken ciwon daji ta duniya ta sa barasa cikin abubuwan da aka tabbatar suna jawo shi, kuma a 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani adadi nata da za a kira marar illa.

Na uku, idan kana da ɗa ko ƙane ko miji da ya riga ya kamu, kada ku kulle shi a ɗaki ku yanke masa dare ɗaya. Wanda ya daɗe yana shan barasa, idan ya daina kwatsam, yana iya shiga karkarwa da ruɗewa da farfaɗiya cikin kwana 2 zuwa 3, har ta kai ga rasa rai. Ku kai shi asibiti mafi kusa, daga can za a iya tura ku asibitin ƙwaƙwalwa na Kazaure ko na Dawanau a Kano. Duka da gori ba sa warkarwa, kuma icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, don haka da ka ga kwalaben maganin tari a ƙarƙashin gado, ko yawan barci da nauyin baki, kada ka jira.

Allah ya tsare mana zuri'a, ya ba marasa lafiyarmu sauƙi.