Ciwon da Muka Daɗe Muna Kira Ƙyanda

A Zagga, tun zamanin kakanninmu, yaron da zazzaɓi ya kama har ya feso da ƙuraje, ƙyanda ake cewa. A killace shi a ɗaki, a ba shi jiƙo, a jira ikon Allah. Haka na ga iyayenmu mata suna yi.

Amma akwai wani ciwon da ke ɓuya a bayan ƙyanda. A 1961 likitan yara Tomisaku Kawasaki ya ga irinsa a Tokyo, a 1967 ya wallafa bayanin yara 50: zazzaɓin da ya ƙi sauka, jan ido, tsagewar leɓe, kumburin hannu da ƙafa. Garkuwar jiki ce ke kumbura jijiyoyin jini, har na zuciya.

A 1984 likitocin Japan suka nuna amfanin sinadaran garkuwa da ake tacewa daga jinin masu bayarwa, a saka wa yaro ta jijiya. Idan an ba shi cikin kwana 10 da fara zazzaɓin, haɗarin lalacewar jijiyoyin zuciya kan sauka daga kusan kashi 25 cikin 100 zuwa kusan 5.

Iyaye mata, zazzaɓin da ya kai kwana 5, a garzaya da yaro asibiti.